Abin da Madam Rufaida Ta Soke

Ranar Alhamis bayan azahar aka kira komisariyar 'yan sandan Gidan Rumji, aka ce an yi sata a wata lakol, wato makarantar boko. Sufeto Hayatu ne ya je.

Direkta ya tarye shi a ƙofa ya kai shi ɗakin malamai. Can ya iske Madam Rufaida, mai koyar da Ingilishi, tana tsaye gaban teburinta, idonta ya yi ja.

"Madam, me aka ɗauka?"

"Takardu, ranka ya daɗe."

Sufeto ya dubi teburin. Ga kwamfuta a buɗe, ga waya an jona ta caji, ga jakarta rataye a kujera.

"Waɗannan fa?"

"Ba a taɓa su ba. Mun tafi salla, ba mu rufe ɗakin ba. Na dawo na iske takardun kaɗai babu."

Sufeto ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe a aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki takarda ba.

"Waɗanne irin takardu ne?"

Ta ce kashi biyu ne. Akwai jarrabawar 'yan ajinta da ta gama dubawa. Sai kuma takardar neman taimako ta wata ƙungiyar manoma da ke wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Suna son a gina musu rumbun ajiyar iri, masu taimakon kuma Ingilishi kaɗai suke karɓa, shafi biyu, ba ƙari. Sakataren ƙungiyar, Garzali, wanda ake ce wa Mushe saboda bokonsa, shi ya rubuta, ya cika shafi tara. Aka kawo mata ta gyara.

"Gobe kafin sallar Juma'a ake rufe karɓa," in ji ta. "In ba ta tafi ba, sai baɗi. Kuma bara ƙwari sun cinye musu irin wake."

"Ba ta cikin kwamfutar?"

"Doguwar ce a ciki. Ni a takarda nake gyara, da jan bik. Mako guda na yi a kanta, ba zan iya maimaitawa kafin gobe ba."

Sufeto ya ɗauki bik ɗin, jan alƙalamin nata, yana juyawa. "Ki gafarce ni, Madam. Yaya ake mayar da tara su koma biyu? Yankewa kawai kike yi?"

"A'a. Mai rubutun nake zaunarwa. In na karanta jimla, sai in ce ya faɗa mini da Hausa me yake nufi. Abin da ya faɗa shi nake rubutawa. In ya kasa faɗa, in soke."

"To ai aikinmu ɗaya ke nan," in ji Sufeto. "Shi Garzalin ya ji daɗin zaman?"

Direkta ne ya amsa, ya ce ya ga babur ɗin Garzali a bakin lakol da hantsi.

Buron ƙungiyar, wato ofishinta, ɗaki ɗaya ne a bayan tasha. Mushe Garzali yana ciki, da katon ƙamus a gabansa wanda bangonsa ya rabe. A Katsina ya yi karatu, kuma ba ya bari a manta.

"Ni yau ban leƙa lakol ba, Sufeto. Ina nan tun safe."

"Babur ɗinka shi ya je da kansa?"

Garzali ya cire tabarau ya goge. "To, na je. Roƙonta na je yi ta mayar mini da jimla guda."

"Me jimlar ta ce?"

Ya miƙe tsaye ya karanto ta da ka, hannu na tashi sama. Sai da numfashinsa ya ƙare sannan jimlar ta ƙare.

"Da Hausa fa?"

"Wato... ruwa bai isa ba bara."

"Shi ke nan?"

"Haka ita ma ta ce." Ya koma ya zauna. "Sufeto, wallahi na ji haushi. Kalmomin nan na sha wuya kafin in samo su. Akwai wadda ta ce ma ba ma'anarta ke nan ba, na duba ƙamus na iske gaskiyarta. Amma in sace? Tata ce za ta samo mana rumbu, tawa ko shafin farko ba za su gama ba."

"In aka zube maka takardu masu jan bik a tebur, za ka gane taka daga jarrabawar yara?"

"Haba! Ko ido rufe."

Nan Sufeto ya tsaya. Wanda ya kwashi takardun bai zaɓa ba, duk abin da ya ga ja a jikinsa ya tattara. Mai jin Ingilishi da ya ɗauki abin da ya zo nema ya bar sauran.

"Ban da kai da Madam, wa ya ga gyaran?"

"Sai ko Maijidda mai buga takardu. Jiya aka kai mata, wuta ta ɗauke, Madam ta koma ta karɓo."

"Shugabanku fa?"

"Baba Nomau? Yana ƙauye. Shi nasa buga hatimi ne, kullum yana aljihunsa, ko ni ba ya ba."

Shagon Maijidda yana kusa da kasuwa, ƙanshin sabuwar takarda ya cika shi. Tana ganin Sufeto ta gyara gyale.

"Ban nuna wa kowa ba. Madam ta ce kar kowa ya gani, don kar a yi wa Mushe dariya."

"Ba wanda ya shigo?"

"Ba kowa. Wuta babu, wa zai zo?"

Sufeto yana sauraro, idonsa na yawo a kan teburin. A bayan injin buga takardu ya hango wani ɗan hatimi mai mariƙin katako, an ɗaure shi da zaren fata. Ya ɗauka ya danna a tafin hannunsa. Sunan ƙungiyar manoman ya fito.

"Wannan ma shi ya zo da kansa? Yau kaya sun iya yawo a garin nan."

Maijidda ta rufe baki da gyale. "Wayyo. Baba Nomau ne. Ya zo ya buga hatimi, na ce ba a gama ba. Ya ce in ba shi ya ga aikin da aka yi. Sa'an babana ne, Sufeto, yaya zan hana shi?"

"Yana jin Ingilishi?"

"Ina! Yaƙi da jahilci ya yi, yana dai haɗa baƙaƙe. Ya bi shafin farko da yatsa, sai na ga yatsar ta tsaya. Ya daɗe a wurin. Ya tambaye ni wa ya ja wannan jan, kuma ina take zama. Ya fita ko sallama bai yi ba."

Sufeto ya koma lakol ya ɗauki Madam Rufaida a mota. A hanya ya tambaye ta me ke shafin farko.

"Gaisuwa ce. An gai da mai gari, an gai da limami, an jera dattawa. Sai yabon wanda ya kafa ƙungiyar, marigayi Sarkin Noma Tala. Sunansa ya fito wuri-wuri har ƙasan shafin."

"Kin soke?"

"Wuri babu, ranka ya daɗe. Su can ba gaisuwa suke dubawa ba."

"Kin san ɗansa?"

Ta juyo ta dube shi. "Baba Nomau," in ji ta. Daga nan har ƙauyen hannunta na kan baki.

Sun iske Baba Nomau a gindin gawo a ƙofar gidansa, yana gyaran buhunan wake. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Aka gaisa sosai, aka tambayi gida da amfanin gona. Madam kaɗai ce bai duba ba.

"Baba, yau ka shiga gari?"

"Ni? Ban tahi ko'ina ba, ɗana. Ga aiki ka gani."

Sufeto ya ajiye hatimin a kan tabarma. Nomau ya shafa aljihunsa, ya dubi hatimin.

"Wannan jiya na yada shi. Jiya daban, yau daban."

"Haka ne," in ji Sufeto. Ya sha ruwa, ya juya wajen Madam kamar hira suke. "Yanzu su yaran yaya za a yi da su?"

"Sai dai su sake jarrabawar. Wasu kuma sun riga sun tafi ƙauyukansu. Wanda bai dawo ba ya faɗi."

Nomau ya ɗago kai. "Waɗanne yara?"

"'Yan ajinta, Baba. Wanda ya kwashi takardar ƙungiya ya haɗa da jarrabawar aji guda."

"Subhanallahi! Ni ban san da na yara ba, na ga duk ja..."

Ya kama bakinsa. Sufeto ya bar shi da maganarsa.

Can dattijon ya tashi ya shiga gida. Ya fito da ƙunshi a cikin buhu, an naɗe shi da kyau, ko lanƙwasa babu. Ya ajiye a gaban Sufeto.

"Na so in ƙona, hannuna ya ƙi. Sunan tsohona shina ciki." Sai yanzu ya dubi Madam. "Ɗiyata, mi ya yi miki? Shi ya tara mutanen nan a gindin iccen ga, sa'ad da ba wanda ya yarda da wani. Ko wasiƙa za ka aika wa ƙanenka, sai ka gai da manya tukuna. Ke kin aika wa baƙi takarda ba sallama, kin bi sunan mamaci da ja kamar an yanka akuya. Gara rumbun ya tahi."

Madam Rufaida ta durƙusa ta kwance ƙunshin. Ta ware na yara gefe, ta zaro shafin farko.

"Baba, da na zaunar da kai kamar yadda na zaunar da Mushe. Laifina ke nan. Na soke gaisuwa, na soke yabo, gaskiya ne. Amma duba nan."

Ta nuna masa gefen shafin, inda ta yi wani layi da ƙananan baƙaƙe. Ya kawo yatsa yana bi a hankali, leɓensa na motsi, har ya tsaya.

"Tala," ya ce. "Sau guda?"

"Sau guda. Amma da shi takardar za ta fara."

"Mi kika ce a kansa?"

"Na ce Sarkin Noma Tala ne ya kafa ƙungiyar nan, kuma tun ranar ba a taɓa raba iri an bar gida ɗaya ba."

Nomau ya daɗe bai ɗauke yatsarsa ba.

"Haka ne kuwa," ya ce. "Ko shekarar fara bai bar kowa ba."

Sufeto ya miƙe. "Baba, sai ka biyo ni. Direkta ya shigar da ƙara, takardun jarrabawa na gwamnati ne. Zan faɗi yadda ka mayar da su, sauran yana hannun komisa, shugabanmu."

Dattijon bai yi gardama ba. Ya aika a kawo masa hularsa da takalmi, ya ce wa mutanen gida a shigar da waken kafin awaki su zo. A bakin mota ya tsaya.

"Ɗiyata, za ta samu tahiya kahin Juma'a?"

"In Maijidda ta fara yanzu, za ta tafi. Sai dai ba ta tafiya ba hatimi, Baba."

Ya koma ya ɗauki hatimin daga kan tabarma. Ya juya shi a hannu, ya sake juyawa, sannan ya miƙa mata.

"Ki buga da ƙarfi, ba ya kamawa in an yi mishi sanyin hannu."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba, ya shiga.