Gwaggo Kalo a Layin Gaba

Lesieli na ɓare rogo a kicin ɗin mamarta a birnin Sidni na Ostireliya, sai ga saurayinta Saia ya shigo jiki a sanyaye.

"Gwaggo Kalo ta ce a'a."

Yayar babansa ce, kuma a wurinmu mutanen ƙasar Tonga, idan yayar uba ta hana aure, ko uban ango ba ya tari.

"Me na yi mata?"

"Wai ba za ta kai tabarmin aure gidan yarinyar da ƙato ke rungumewa a bainar jama'a sau takwas a mako ba. Ko ki bar wasa, ko ki bar ni."

Lesieli ta fashe da kuka. Tun tana 'yar shekara shida take waƙa a coci, mamarta na figar kaji a kamfani don ta koyi sarrafa murya. Shekara bakwai ta yi tana rawa a bayan wasu, sai bana ta zama tauraruwar wasan waƙe-waƙe a babban zaure.

"To zaɓa min mana, Saia!"

"Haba, bebi! Muryar da ta sace ni a coci zan kashe da hannuna? Ba ni lokaci kawai."

Wata huɗu yana yanke wa Gwaggo ciyawa, yana kai ta kasuwa, bai sake tayar da zancen ba. Lesieli kuwa ta rame, abinci ma sai an matsa mata.

Wata Asabar da rana, kafin a fara wasa, ta leƙa ta bayan labule, sai ta hango Gwaggo a layin gaba, fuska murtuk. Ta zo ganin abin kunya da idonta!

Da aka zo wurin rungumar, tsakin Gwaggo har kan dandamali. Lesieli ta sadakar cewa aure ya tafi. Saboda haka da mijinta na wasa ya finciko ta ya yar a ƙasa, hawayen da ta rera waƙar da su na gaske ne. Mijin na wasa ya sake ɗaga hannu zai mare ta, sai Gwaggo ta miƙe zumbur, jaka a sama.

"Kai, ɗan banza! Taɓa matar ɗana ka gani!"

Makaɗa suka tsaya cak, mutum dubu suka tuntsire da dariya. Lesieli na kwance, kuka da dariya sun haɗe mata.

Da Saia ya yi fito-na-fito da gwaggonsa, da ɗaya ya rasa tsakanin ita da Lesieli. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma wannan dutsen da bakinsa ya sanar cewa ya nuna.