Bikin Bayan Ista

"Ba za ki je ba, Barira! Na ce ba za ki je ba!"

Baba Dabo ne tsaye a bakin ƙofa ya tare hanya. Barira ta durƙusa, ƙwaryar kunu a hannunta.

"Baba, Nababa ne fa... wanda ka ba ni da bakinka."

"Na sani. Amma sanƙarau ba ta san wannan ba. Ta ɗauke uwarku, ta bar min ke da ƙannenki. In kika kwaso ta, ina zan sa kaina?"

Barira ta ci gaba da roƙonsa.

Bazarar shekarar nan ba a taɓa ganin irinta ba. Rumbuna sun yi ƙasa tun kaka, ga ciwo yana bin ƙauyukan Ɗanbatta gida gida. Su Barira na cikin 'yan tsirarun gidajen Kirista a unguwar, gonakinsu kafaɗa da kafaɗa da na maƙwabta Musulmi. Tun da cutar ta shigo Nababa bai huta ba. Duk wanda wuyansa ya sanƙare, shi ke ɗora shi a amalanken shanunsa zuwa asibiti, babu ruwansa da masallaci mutum yake zuwa ko coci. An sa bikinsa da Barira bayan Ista, sai ga shi shi ma ya kwanta. Aka kai shi, aka tarar ko ƙasa babu wurin shimfiɗa, aka dawo da shi gida.

"To je ki," in ji Baba Dabo daga ƙarshe. "Amma ki tsaya bayan danga. Don Allah, 'yata, kada ki shiga."

Inna Hure, mahaifiyar Nababa, ta jawo tabarmarsa inuwar darbejiya kusa da danga don ya ji muryar amaryarsa. Barira ta leƙa ta tsakanin kara, ta ga yadda ya zube, ta toshe baki.

"Barira... ke ce?"

"Ni ce, sanyin raina. Ga kunu na dama maka."

"Ki yafe min. Da alama ango zai makara."

"Kada ka ƙara faɗin haka!"

Ya yi ɗan murmushi da ƙyar. "Ba tsoro nake ji ba. Yesu da ya fito daga kabari ya san hanya, ba zai bar ni can ba. Ke nake ji."

Ta zura hannu ta cikin dangar har kara ya yanke ta. Bai kai gare shi ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Malam Muntaka, wanda Nababa ya taɓa kai ɗansa asibiti, shi ya fara sara ƙasar kabarin tare da dattawan coci, yana yi yana share ido.

Safiyar Ista Barira ta ƙi fitowa. Tana jin kiɗan zumuntar matan coci daga nesa, ta juya fuska bango. Sai ga sallamar Inna Hure.

"Tashi mu je, 'yata."

"Inna, in je in yi waƙar me? Yesu ya tashi, nawa yana cikin ƙasa! Ko hannunsa ban riƙe ba..."

Tsohuwar ta zauna bakin gado, ta bar ta ta yi kuka mai isarta.

"Ba a kanki aka fara ba. Marta ma, a cikin Littafi Mai Tsarki, ido da ido ta yi wa Yesu ƙorafin ya makara, har ɗan'uwanta Li'azaru ya mutu. Bai tsawata mata ba. Da ya isa wurin, shi ma kukan ya yi, sannan ya kira Li'azaru da sunansa, ya fito. Ni na haifi yaron nan, Barira. Na san akwai ranar da za a ce 'Nababa!' ya amsa, da jikin da ciwo ba zai sake taɓawa ba."

"Yaushe, Inna? Yaushe?"

"Ban sani ba. Ni ma jira nake." Hawaye suka zubo mata. "Zo ki taya ni. Jiran nan ya yi min nauyi ni kaɗai."

Barira ta dube ta, ta ga idanun Nababa sak. Ta jawo ɗankwali ta ɗaura.

A coci Barira ba ta iya waƙa ba. Amma da fasto ya ɗaga murya ya ce, "Ya tashi!" jama'a suka amsa, Inna Hure ta ji hannun Barira da ke cikin nata ya matse ta da ƙarfi.