Saura Canji Ɗaya

Gab da magariba Ziblim ya fara haɗa kayansa. Tikitin motar garinsu Yendi na aljihunsa, ƙarfe bakwai za ta tashi daga tashar Circle. Tun safe ƙanwarsa Zelia ke bugo waya: jikin mahaifiyarsu ya tsananta, sunansa kawai take kira. Shagonsa kwantena ce a bakin babbar kwatar unguwar Nima, nan yake gyaran kwamfuta, kuma kowa ya san halinsa. Ziblim bai yarda inji ya fi shi wayo ba, ko da zai kwana da yunwa.

Ya ɗauko kwaɗo zai kulle shago ke nan sai ya ga wata tsohuwa a bakin ƙofa. Bai ji takunta ba. Ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa ya biyo ta, har ya danne warin kwata da hayaƙin masu suyar kifi.

Ta miƙo faifai. "Ɗana, fim ne na garinmu. Ya ƙi buɗuwa."

"Mma, tafiya gare ni. Sai na dawo."

"Daga unguwar Maamobi har Alajo an gwada. Sun ce ba mai iyawa."

Da roƙonsa ta yi, da ya yi tafiyarsa. Amma "ba mai iyawa" ta ce. Ya ajiye jaka.

Faifan ba rubutu ba hoto, sanyi ƙalau. Ya saka a kwamfutarsa, ta yi gurnani ta yi shiru. Ya fiddo, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sauya manhajar kallo. A karo na uku saƙo ya fito: faifan na wata shiyya ne. Ziblim ya yi murmushi, ashe ɗan wannan ne ya gagari mutane. Masu fim sun raba duniya shiyya shida, kowane faifai an kulle shi da tasa. Na'urar karanta faifai kuwa sau biyar kacal ake canza mata shiyya, inda ta tsaya a na ƙarshe nan za ta tabbata. Tasa saura canji biyu.

Shiyya ta bakwai faifan ke nema. Tun da yake bai taɓa ganin ta bakwai ba, amma ga ta nan a ƙasan jerin. Ya dubi agogo, shida da minti goma. Ya danna.

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. "Allahu..."

Bai ƙarasa ba.

Hon ɗin motoci, ihun masu kiran fasinja, rediyon mai shayi, duk suka yanke lokaci guda. Fanka ta tsaya. Ƙwan lantarki ya mutu. Kwamfutar ce kaɗai ke haske.

Fim ya fara. Fili fetal, itatuwan kuka, jan sararin sama. Mutane tsaye a jere, duk sun ba da baya. A tsakiyarsu akwai wata kwantena. Ya gane tsatsar da ke jikin ƙofarta.

Ya waiga. Ƙofar a rufe, har da sakata, ba shi ya rufe ba. Ya leƙa ta kafa. Ba kwata, ba Nima. Kukoki ne, da bayan mutane.

Suka fara juyowa.

"Mma, ina ne nan?"

"Gida," in ji ta. Hawaye ke bin kuncinta. "Shekara arba'in rabona da shi."

Ya danna maɓallin fidda faifai, ko motsi. Ya fizge wayar wuta daga bango. Fim bai tsaya ba. Agogo na nan shida da minti goma.

Farce ya fara karce jikin ƙarfen, a hankali, ta kowane gefe. Rufin ya lotsa, wani na tafiya a sama.

Tsoro ya kama Ziblim irin wanda bai taɓa sani ba. Bakinsa na a'uzu, ya koma wurin canza shiyya. Saura canji ɗaya. Lambobin sun ɓace, sunayen garuruwa da unguwanni ne jere bisa haruffa. Ya yi ta gangarawa. Kumasi. Madina. Nima.

Yendi na can ƙasa, da sauran tafiya.

Sakata ta motsa. Wasu dogayen yatsu suka zuro ta kafar ƙofa.

Gargaɗi ya fito: wannan ne canji na ƙarshe, ba a sake wani. Sau nawa ya karanta wa mutane shi yana dariya?

Numfashin tsohuwar ya taɓa kunnensa. "Ni ma da gaggawa na zaɓa, ɗana."

Ya danna Nima.

"...Akbar!" ladan ya ƙarasa. Fanka ta juya. Ƙofa a buɗe, warin kwata ya shigo, bai taɓa jin daɗinsa irin na ranar ba. Ba tsohuwa, ba faifai.

Ya suri jaka ya faɗa trotro, ƙaramar bas ɗin haya mai zuwa Circle. Motar na fita Nima ya ƙifta ido, sai ga shi tsaye a ƙofar shagonsa, kwaɗo a hannu. Ya gwada tasi. Ya gwada okada. Ya bi ta New Town a ƙafa, ya bi ta Maamobi da gudu. Duk a ƙofar shago yake ƙarewa. Malamai sun yi iya nasu, abu ya ƙi.

Zelia ta kara wa mahaifiyarsu waya a kunne. "Ziblim, kana hanya?"

"Ina hanya, Mma."

Kwana uku yana faɗa mata haka. A na huɗu ta rasu, aka binne ta ba ya nan.

Daga baya Zelia ta aiko masa da faifan addu'ar arba'in, don ya ga ko da kabarin ne. Ya ƙi buɗuwa a duk injin da ke shagonsa. Yanzu in magariba ta kawo jiki, akan ga Ziblim tsaye nesa da shagon Mutawakilu, sabon mai gyara, wanda shi ma bai yarda inji ya fi shi wayo ba. Faifan na hannunsa. Har yau bai yi sallama ba, amma kullum sai ya ƙara taku ɗaya.