Rigar da Yaya Ta Ɗinka

"Ni kika cire daga zaure, Auta? Ni?"

Ko sallama bai ƙarasa ba ya jefo mini tambayar. Yana tsaye a ƙofar shagona, jakar kayan gyaran keken ɗinki a kafaɗarsa, yana nuna mini wayarsa kamar ban san abin da na yi ba.

"Kai na cire," na ce, ban ɗago daga kan yadin da nake yanka ba. "Kwana bakwai. Haka doka ta ce."

"Saura wata biyu aurenmu fa..."

"Dokar ba ta ce ban da wanda zai auri shugabar zaure ba."

Zauren teloli ne na waya, mu kusan dubu uku, kuma ni na buɗe shi shekara huɗu da suka wuce. A nan ake nuna sabon ɗinki, a nemi shawara, a yi raha. A nan ma na san Mai Gyara, ranar da kekena ya riƙa tsinke zare na yi cigiyar makaniki. Dokarmu ta farko jerin wasu kalmomi ne da na hana. In ka rubuta ɗaya, manhajar ce za ta goge da kanta kafin wani ya gani. Amma saƙon murya ba ta da kunnen jinsa, wannan sai ni na saurara. An sha tambayata me ya haɗa ni da kalmomin nan, ai wasa ne. Ban taɓa ba kowa amsa ba.

Amsar ita ce Yaya.

Shekara shida ta ba ni. An sha wuya wajen haihuwarta, ta taso da jinkirin fahimta. Ba ta karatu, ƙirgenta a goma yake tsayawa, amma wajen zura zare a allura da ware maɓallai kala-kala ban ga na biyunta ba. Tun da Abba ya rasu, gwiwoyin Umma kuma suka ƙi, kowa ya san duk gidan da na shiga da Yaya zan shiga. Na faɗa wa Mai Gyara tun ranar farko. Ya ce, "Ɗaki mai taga ma nata ne." Wallahi a ranar na ji ya gama shiga raina.

Wata huɗu Yaya ta yi tana koyon taka keke, sannan ta ce riga za ta ɗinka masa, kada in faɗa. Shuɗiya, mai aljihu ɗaya. Aljihun ya ɗan karkace, hannun hagu ya fi na dama tsawo, amma ko ɗinki ɗaya ban sa mata hannu ba. Da safen nan ta gama, ta goge ta sau uku, ta ce, "Auta, saka a waya mutane su gani."

Na saka. Na rubuta a ƙasa: ɗinkin farko na wata ɗalibata.

Ta matso jikina tana jira. Da yake ba ta karatu, saƙonnin murya nake kunna mata. Sai ga hotonsa ya fito.

"Mai Gyara ne! Kunna, kunna."

Na kunna ban fara saurara ba, abin da ban taɓa yi ba. Wa zai ji tsoron muryar mijin da zai aura?

Da dariya ya fara. "Haba jama'a, wace doluwa ce ta yi wannan? Aljihu gabas, hannu yamma. A karɓe keken daga hannun gaɓuwar nan kafin ta ja mini aiki."

Yaya ba ta gane kalmomi da yawa ba, amma waɗannan biyun ta san su sarai. Da su ake bin ta a layi tun tana ƙarama. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke rigar, ta cusa ta ƙarƙashin ƙyallaye a kwali, ta ja murfin keken ta rufe. Ta ce, "Na gaji, zan je wurin Umma."

Shi ne yanzu mutumin nan yake tsaye yana tambayata wai shi na cire.

"Raha ce kawai, masoyiyata," ya ce. "Kowa na faɗin haka. Mutum arba'in suka yi dariya, sai ni za a kora?"

Na ajiye almakashin.

"Yaya ce ta ɗinka. Kai ta ɗinka wa. Tana gefena na kunna."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya nemi benci ya zauna yana kallon rufaffen keken.

"Innalillahi... Auta, da na san tata ce..."

"Da ba ka faɗa ba, na sani. To wadda ba Yayata ba fa? Ita ba ta da kunne? Ba ta da ƙanwa?" Na matso gabansa. "Kalmar tana bakinka tuntuni, ni ce ban taɓa jin ta ba. Gobe in ta ƙona maka riga da dutsen guga, me zai fito? Ba zan kai Yaya gidan da za ta ji wannan daga bakin maigida ba. In haka ne gara a fasa."

Ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa, har ya kai ƙofa ya juyo, idonsa jajur.

"Na yi laifi, ban da bakin kare kaina. Amma me ya sa kika rubuta ɗalibarki? Shekara huɗu kina riƙe da zauren nan, ko sau ɗaya kin taɓa cewa kina da Yaya?"

Ya tafi ya bar ni da tambayar. Na so in ce kare ta nake yi. Gaskiyar kuwa, kunya ce. Na hana mutum dubu uku kiranta da mugun suna, ni kuma na kasa kiranta da nata. Na ji zafin wannan fiye da komai.

Kwana shida Yaya tana zuwa shago, tana ware maɓallai, amma keken ko kallonsa ba ta yi. A zaure kuwa an yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu suka ce na cika tsauri, har wani ya ce in dai haka nake mulki, Allah ya ji ƙan mijina. Sai wata mata da ban sani ba ta turo mini saƙo ni kaɗai. Ta ce tana da ɗa mai jinkirin fahimta, kuma ranar da ta ji muryar nan ta yi niyyar fita daga zauren, ganin an cire shi ya sa ta zauna.

Da yammacin kwana na shida, ina shafa wa Umma man zafi a gwiwa, ta jefo mini tambaya.

"Kina sonsa?"

"Ina sonsa, Umma. Shi ya sa abin yake cina."

"Ni ba zan ce ki fasa ba, ba zan ce ki yi ba. Amma ba ke aka zaga ba. Kullum ke ce bakinta. Wannan karon ki bar ta ta yi magana da nata."

Washegari da safe na sake saka hoton rigar. Na danna wurin murya na ce, "Jama'a, ba ɗalibata ba ce. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana da jinkirin fahimta, wata huɗu ta yi tana koyo, kuma ina alfahari da ita. Dalilin dokar nan ke nan."

Yaya tana jina. Ta ce, "Kin ce Yayata."

"Na ce."

Da hantsi ya zo, ba jaka. Bai ko dube ni ba, ya wuce ya durƙusa gaban tiren maɓallanta.

"Yaya Babba, ni na yi maganar nan. Na zo ki yafe mini."

Ta ci gaba da ware ja daga kore. Can ta ɗago.

"Ni doluwa ce?"

"A'a, wallahi."

"To me ya sa ka ce?"

"Don in ba mutane dariya." Hawaye ya zubo masa. "Mugun abu ne, ko ke ce ko wata. Na daina, Yaya. In kika sake jinta a bakina, ki kore ni da kanki."

Na bar mata maganar kamar yadda Umma ta ce. Aurena gaba ɗaya yana hannun matar nan da duniya ta ce ba ta san komai ba.

Ta tashi, ta tona kwalin ƙyallaye, ta fito da rigar duk ta yamutse. Ta miƙa masa. Ya saka ta a kan tasa, ya ɓalla maɓallan har wuya. Ta ja da baya tana duba shi sama da ƙasa, kamar yadda take ganin ina yi wa masu kawo ɗinki.

"Aljihun ya karkace. Cire."

"Bar shi haka, Yaya. A haka nake sonta."

"A'a. Tela ba ta ba da aiki a karkace."

Ta karɓe rigar, ta ɗage murfin keken, ta zura zare karo ɗaya. Kafin ta ɗora ƙafa ta juyo gare shi.

"Ɗaki mai taga nawa ne har yanzu?"

Ya gyaɗa kai.

"To. Auta, mayar da shi waya, ya gani in na gama."

Na ɗauki wayar, hawaye ya hana ni ganin sunansa sosai. Ina lalubensa keken ya fara ƙara.