Wutsiyar Kifi

Ran jajibirin sabuwar shekara, a wani ƙauye na ƙasar Sin, wata tsohuwa ta tara 'ya'ya da jikoki, aka ci aka ƙoshi. Bisa al'ada, aka rage kifi domin shekara ta iske gidan da yalwa.

Sai ga matafiyi, yunwa ta galabaitar da shi. Tukwane duk an suɗe, sai kifin nan.

Babban ɗanta ya raɗa mata, "Inna, albarkar baɗi ce fa!"

Ta dubi kifi, ta dubi baƙo, ta tura masa kwanon.

Ya ci, ya ci, har ya kai wutsiya. Sai ya tsaya, ya mayar mata da kwanon yana murmushi.

Ya ce, "Iya, mu ma a garinmu ragewa muke yi."