Kwando na Bakwai

Shayi kawai na kai musu. Ƙanina Hammou ya kakkafa kwandunan ƙarfe masu sarƙa a makiyayar mahaifinmu da ke bayan garin Azrou, gardi da gemunsa wai wasan jefa faifan roba. Ran nan abokansa duk sun watse, daga shi sai 'yarsa Tiziri mai shekara shida, wadda ke tsinto masa faifai.

Kwando na bakwai shi ne mugun wuri. Daga kan tudu ake jifa, kwandon yana can tsallake, a tsakani kuma akwai kwarin tsohuwar rijiya wanda ba a hangen ƙasansa. Tun muna yara aka hana mu jefa ko tsakuwa a kwarin nan in rana ta yi ja, don a lokacin ne masu wurin ke shayar da dabbobinsu. 'Yan wasan ma suna da tasu ƙa'idar: in ba ka ganin inda faifanka zai sauka, ka ɗaga murya ka ce a kauce.

Tiziri ta riga ta zagaya, tana tsaye gindin kwandon da jar rigarta.

Na ce, "Magariba ta kawo kai, tattara mu tafi."

"Jifa ɗaya, Yaya Itto."

"To yi bisimilla, ka yi magana."

"Wa zan gaya wa? Tumaki?"

Ya yi dariya, ya saki faifan. Iska ta karkata shi, ya nutse cikin kwarin.

Tim! Ba ƙarar dutse ba ce. Sai ga kukan yaro, siriri.

Tumakin da ke gefe suka daina kiwo, ko motsi babu. Warin jiƙaƙƙiyar toka da ƙonannen gashi ya taso.

Muka gangara har rabin tudu, muka tsaya cak.

A bakin rijiyar wata doguwar mata ce tsaye cikin bargon ulu, ta ba mu baya. Yaro na saɓe a kafaɗarta, yana kallonmu, wani baƙin abu na zubowa daga goshinsa. Faifan yana hannunta.

Hammou ya damƙe ni. "Yaya," ya ce a hankali, "ina take kallo?"

Tiziri take kallo.

Yarinyar tana wasa da sarƙa, ba ta san abin da ake ciki ba.

Matar ta ja hannu baya. Hannun ya yi ta tafiya, ya wuce rijiyar, bai daina ba.

Ni da bakina ba ya mutuwa, na nemi ko sunan Allah a harshena na rasa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Sai muryar matar, ƙasa-ƙasa, amma kamar a cikin kunnena.

"A kauce."

Tiziri ta duƙa.

Faifan ya daki kwandon, sarƙoƙin suka yi wata ƙara, har tumakin suka tarwatse. Da na waiwaya, babu kowa a bakin rijiya. Muka ruga, muka tarar ƙarfen kwandon ya lanƙwashe daidai tsayin kan Tiziri. Hammou ya sungume ta, ban san yadda muka kai gida ba, butar shayina ma can na baro ta.

Washegari ya tumɓuke kwandon. Yanzu ko ragowar shayi zai watsar a tsakar gida sai ya yi bisimilla ya ce a kauce, kuma ni, mai tsokanar duniya, ban taɓa yi masa dariya ba.

Bayan sati ina taje wa Tiziri kai na tambaye ta, "Kin ji da aka ce a kauce?"

"Na ji, Gwaggo. Ai ta ƙara wata magana."

"Me ta ce?"

"Ta ce in gaya wa Baba, nata ɗan babu wanda ya ce masa ya kauce."