Igiyar Matakala

Dab da magariba na koma tsohon gidan ɗauko wayata da na manta a ɗakin sama. Ni ce injiniyar da aka ɗora wa gyaransa. Ginin ƙasa ne da ya ga kakannin kakanninmu, ana so a buɗe shi ga masu yawon buɗe ido.

A bangon ɗakin saman akwai wata kafa da ba ta fi tafin hannu ba, tun asali magina suka bar ta a buɗe. Na ce a ƙyale ta, bangon ƙasa sai da shan iska. Shugaban kwamitin gyara ya ce jemagu na shigowa ta nan, baƙi ba za su zo shaƙar wari ba. Ina fita cin abincin rana ya sa aka cika ta da siminti.

Tsohon mai gadi ya tare ni a ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, bar wayar sai gobe. Hanyar masu gida aka toshe."

"Baba, masu gidan su zo ofis mu gana," na ce, ina dariya.

Na hau. Matakalar ta yi ɗumi ƙarƙashin takalmina. Warin ɗanyen siminti ya tare ni, a bayansa kuma wani wari kamar na tokar da aka yayyafa wa ruwa.

Na sunkuya zan ɗau wayar, ƙofa ta rufe a hankali.

Sai na ji ƙarta a cikin bango.

Na haska wurin da aka toshe. Simintin yana kumbura. Yatsu ne, dogaye, suna turo shi daga ciki.

Iskar ɗakin ta ƙare. Na ja numfashi, babu.

"Kwashe mutanenki," wata murya ta raɗa a bayan kunnena. "Dukansu."

Na nemi tsari da Allah. Ba zan ɓoye ba, na tsorata. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Da hannuna na tallabi azarar gidan nan tana ruɓewa.

"Ina kuke lokacin da ruwa ke cin rufin?" na ce, muryata a shaƙe. "In baƙi ba su zo ba, babu mai sake yaɓe bangon nan. Ya rushe, ku koma kan bola."

Wani abu mai sanyi ya damƙe wuyan hannuna.

Da ɗaya hannun na lalubo gudumar da magina suka bari.

"Zan buɗe muku. Sama naku, ƙasa namu. Amma ba inda za mu."

Na doki simintin. Riƙon ya ƙara ƙarfi. Idona ya fara duhu.

Na sake dokawa.

Simintin ya zube. Iska ta wuce ta gefen fuskata da ƙarfi, ƙofa ta bugi bango, na gangaro matakala har gaban mai gadi.

Washegari shugaban kwamiti ya ga na fasa simintin, ya ce zai nemo wani injiniyan. Na naɗe hannun rigata ya ga shatin yatsu a fatata, na miƙa masa mabuɗin gidan, na ce siminti na nan, ya hau da magariba ya toshe da kansa. Ya mayar mini da mabuɗin.

Yanzu baƙi na cika ƙasan gidan, suna ta ɗaukar hoto. Na ɗaure igiya a saman matakala, babu mai tsallake ta.

Sai dai kowace safiya nakan tarar an sauko da igiyar taki ɗaya, an ƙulle ta tamau.

Nakan kwance ta, in mayar inda muka yi da su.